TABARAU DA BABUR: KOWANE TABARAU DA AIKINSA

A Gure da ƙauyukanta, babur, wanda ake ce wa moto, ya zama jakin zamani. Da shi ake cin kasuwar Subdu da ta Gidigir. Da shi ake kai maras lafiya likita. Da shi ake ɗauko dabino da kanwa daga kwari. Samari da yawa kuma da kabu-kabu suke ci da iyalinsu.

Tabarau ma ya yawaita. Wasu suna ce masa madubin ido. Ranar kasuwa ba a rasa mai tebur da ya baje shi. Akwai fari, akwai baƙi, akwai mai lamba. Mutum ya ɗauka, ya gwada, ya biya, ya hau babur ɗinsa ya kama hanya.

To, a nan haɗari yake. Tabarau iri-iri ne, kuma kowanne da aikinsa. Wanda ya taimaki mutum a ajin yaƙi da jahilci yana iya kayar da shi a kan hanya. Wanda ya kare shi da rana tsaka yana iya makantar da shi bayan magariba. Saboda haka ya kamata mai babur ya san abin da zai ɗora a idonsa tun kafin ya fitar da kuɗinsa.

ME YA SA RUBUTU YAKE DUSHEWA BAYAN SHEKARA 40?

A cikin ido akwai wata ƴar ƙwaya garau, kamar ɗigon ruwa. Ita ce take daidaita gani. In mutum ya dubi abu na kusa, sai ta dunƙule. In ya dubi nesa, sai ta saki. Ta yaro tana da taushi. Amma da shekaru suka ja, sai ta riƙa tauri.

Daga wajen shekara 40 ne ake fara jin abin. Mutum yana hango raƙumi a kan tudu sarai, amma zare ya ƙi shiga allura. Ya kan miƙa littafi nesa da fuskarsa kafin ya gane baƙaƙe. Lambobin salula su kan haɗe masa. In ya daɗe yana karatu, kansa ya yi ciwo.

Wannan ba cuta ba ce, ba kuma sammu ba ne. Girma ne, kamar furfura. Kowa zai same shi in ya yi tsawon rai, namiji ko mace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a kan gani a shekarar 2019. Rahoton ya nuna mutum fiye da miliyan 800 suna fama da wannan matsala ba tare da tabarau ba.

A azuzuwan yaƙi da jahilci, dattawa da yawa su kan bar karatu saboda haka. Su ce kansu ya toshe. Alhali kuwa kai lafiya lau yake, ido ne yake neman taimako. Maganin abin tabaran karatu ne.

TABARAN KARATU BA NA HANYA BA NE

Tabaran karatu yana da lamba. A kan rubuta ta a jikin gilashin ko a ƙafarsa: +1.00, +1.50, +2.00, +2.50, +3.00. Mai shekara 40 zuwa 45 ya kan fara da +1.00. Mai shekara 50 ya kan kai wajen +2.00. Mai shekara 60 kuwa +2.50 ko +3.00.

Wannan lamba tana faɗin wani abu mai muhimmanci. Ga ɗan lissafi da za a iya yi a allo. A raba 100 da lambar tabarau. Abin da aka samu, shi ne iyakar nisan da mai lafiyar ido zai gani sarai da tabaran, a santimita.

In lambar +1.00 ce, 100 a raba da 1, santimita 100 ke nan, wato mita ɗaya.

In +2.00 ce, 100 a raba da 2, santimita 50.

In +2.50 ce, santimita 40 kawai. Bai ma kai kamu ɗaya ba.

Duk abin da ya wuce wannan nisa, dishi-dishi za a gan shi. Littafi yana cikin wannan nisa. Rami da akuya da amalanke ba sa ciki.

Ga lissafi na biyu. Babur mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a sakan ɗaya. Mai gudun kilomita 40 yana cin mita 11. Ke nan wanda ya manta tabaran karatu a fuskarsa ya hau babur, idonsa yana aiki a rabin mita, babur ɗinsa kuwa yana cin mita 17 kafin ya ƙifta ido sau biyu. Kafin ya gane abin da ke gabansa, ya riga ya isa kansa.

Dokar farko ke nan: ba a tuƙa babur da tabaran karatu.

MENE NE TABARAU MAI HAWA BIYU?

Wani mutum matsalarsa biyu ce. Ba ya ganin nesa sosai, ba ya ganin kusa. Da can sai ya riƙe tabarau biyu, yana cire wannan yana sa wancan. Wani Ba'amurke mai suna Benjamin Franklin ya gaji da haka. A wajen shekarar 1784 ya ba da labarin dabarar da ya yi. Ya sa aka yanka gilashin nesa da na kusa rabi-rabi, aka haɗa su wuri ɗaya. Asalin tabarau mai hawa biyu ke nan.

Hawan sama na nesa ne. Hawan ƙasa na karatu ne. In aka duba da kyau, za a ga ɗan layi a tsakaninsu. A yawancin na yanzu, hawan ƙasa ƴar taga ce ƙarama, mai kamar rabin wata.

Akwai kuma wani iri maras layi. An fara sayar da shi a Faransa a shekarar 1959. Shi ƙarfinsa a hankali yake sauyawa daga sama zuwa ƙasa. Ya fi tsada. Kuma gefe da gefensa ba ya nuna abu sarai. Mai sa shi sai ya juya kai gaba ɗaya kafin ya ga abin da ke damansa ko hagunsa.

Amfanin mai hawa biyu a bayyane yake. Ɗan kabu-kabu zai ga hanya ta sama. In ya tsaya, ya ƙirga canji ko ya karanta saƙo ta ƙasa. Ba sai ya cire tabarau ba.

Amma yana da tarko. Hawan ƙasa tabaran karatu ne, kuma lissafin nan na 100 ya hau kansa. Mai babur ya kan sauke ido ya dubi ƙasa gaban taya. In idonsa ya faɗa cikin tagar karatu, ƙasa za ta dushe. A daidai layin kuma abu ya kan yi kamar ya yi tsalle. A kan kwalta abin da sauƙi. A cikin rairayin hanyar Kelle ko ta Tasker kuwa, inda ake bin sawun taya, wannan ya isa ya kayar da mutum.

YADDA MAI BABUR ZAI ZAƁI MAI HAWA BIYU

Na ɗaya, a fara da awon ido. Ido biyu ba lalle ƙarfinsu ya zo ɗaya ba. Tabaran tebur kuwa dama da hagu lamba ɗaya ce. Na karatu zalla, na tebur ya kan wadatar da mutane da yawa. Amma na nesa ba a sayen shi da ka. Sai ma'aikacin ido ya auna, ya rubuta takarda.

Na biyu, mutum ya faɗa wa mai awo cewa shi mai babur ne. Yawanci a kan sa layin daidai fatar ido ta ƙasa. Mai babur ya roƙi a sauke masa shi kaɗan, a kuma yi tagar ƙarama. Haka zai bar wa hanya fili.

Na uku, a gwada shi a kan babur a tsaye, ba a kunna ba. Mutum ya zauna yadda ya saba, ya kama kan babur. Ya dubi nesa. Ya dubi madubin baya. Ya dubi ƙasa taku uku gaban taya. In duk ya gan su ta hawan sama, tabaran ya yi. In layi yana gitta masa hanya, a koma a gyara.

Na huɗu, a ba ido lokaci. Sabon mai hawa biyu ya kan sa jiri a kwanakin farko. A fara yawo da shi a ƙasa, mako ɗaya ko biyu. A koyi sunkuyar da kai in za a dubi ƙasa, ba sauke ido kawai ba. Sai an saba a hau babur, a kuma fara da ƴar gajeriyar tafiya da rana.

Na biyar, ba kowa ne yake bukatar mai hawa biyu ba. Wanda yake ganin nesa sarai, hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya bar tabaran karatu a aljihu. In ya tsaya, ya ciro. Wanda kuma ya kasa sabawa da layin, ya yi tabarau biyu: na nesa domin hanya, na kusa domin aji.

Yaya mutum zai san ko yana ganin nesa? A Ingila doka ta ce sai direba ya iya karanta lambar mota daga nisan mita 20. Ana iya yin wannan gwaji a ko'ina. A auna mita 20, wato taku 25 zuwa 27 na babban mutum. A rufe ido ɗaya da tafin hannu a karanta lambar. Sa'an nan a rufe ɗayan. In ido ɗaya ya kasa, a nemi awo. Ga wani amfanin karatu ke nan: wanda ya san baƙaƙe da lambobi yana iya gwada idonsa da kansa.

RANA DA RAIRAYI DA ƘURA

Ƙasar Gure ƙasar haske ce. Ga rana daga sama, ga farin rairayi daga ƙasa, ga kanwa tana ƙyalli a bakin kwari. Mai tafiya cikin wannan haske ya kan kanne ido. Ido ya gaji, ya yi hawaye, gani ya ragu.

Babbar hanya ma da nata. Hanyar Haɗin Kai ta ratsa Gure daga yamma zuwa gabas. Ɓangarenta na Gure zuwa Gigimi an yi shi ne a shekarun 1970 da taimakon Kanada. Wanda ya tashi da sassafe zuwa Gudumariya ko Maine, rana tana cikin idonsa. Wanda ya nufi Gidimuni da Damagaram da la'asar sakaliya, ita ce dai a gabansa.

A cikin hasken rana akwai wani haske da ido ba ya gani. Masana suna rubuta shi da baƙaƙe biyu: UV. Ba a jin zafinsa nan take. A hankali yake ɓarna, shekara da shekaru. Yana gaggauta yanar ido. Shi da iska da ƙura su ne suke haddasa tsokar nan da take tsirowa a farin ido, ta nufi baƙin. Busasshen rairayi yana maido da wajen kashi 15 cikin 100 na wannan haske. Ke nan rawani da malfa ba su tare shi duka, domin wani daga ƙasa yake tasowa.

Sai kuma hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska tana ɗauke da ƙura. Da damina kuma ƙwari ne. Ƙwaro ɗaya a ido ya isa ya sa mutum ya saki kan babur. Saboda haka mai babur yana bukatar abin da zai tsare idonsa kullum, ko da ganinsa lafiya lau ne.

LAMBOBIN BAƘIN TABARAU

Baƙin tabarau ma yana da lamba, daga 0 zuwa 4. Wannan lamba dabam take da ta karatu. Ita duhun gilashi take nunawa. A kan buga ta a cikin ƙafar tabarau ko a ƴar takardar da take rataye da shi.

Lamba 0: fari ne, ko kusan fari. Haske kashi 80 zuwa 100 yana wucewa. Shi ne na dare.

Lamba 1: duhu kaɗan. Kashi 43 zuwa 80 yana wucewa. Ya dace da ranar hazo.

Lamba 2: matsakaici. Kashi 18 zuwa 43.

Lamba 3: baƙi. Kashi 8 zuwa 18. Shi ne ya dace da rana irin ta Gure.

Lamba 4: baƙi ƙirin. Kashi 3 zuwa 8 kawai. An yi shi ne domin masu hawan manyan duwatsu masu ƙanƙara. Ba a tuƙi da shi, ko da rana tsaka.

Sai a lura da abu guda. Baƙi dabam, kariya dabam. Tabarau yana iya yin baƙi ƙirin amma bai tare UV ba. Irin wannan ya fi rashin tabarau illa. Dalili kuwa, in ido ya ji duhu, ƴar ƙofar da take tsakiyarsa ta kan buɗe, sai mugun hasken ya ƙara samun hanya. Saboda haka a nemi wanda aka rubuta wa UV400. Amma fa rubutu ba wuyar bugawa gare shi ba. Ya fi kyau a saya a wurin da aka sani, inda za a iya komawa in an ga aibi.

Wajen launi, toka-toka ko ruwan ƙasa sun fi. Ba su ɓata launin abubuwa sosai. Mai shiga Damagaram yana bukatar ya bambanta jar wuta da koriya. Shuɗi da ja da ruwan hoda na ado ne.

Akwai wani iri mai kashe ƙyalli. Yana da daɗi a kan kwalta da farin rairayi. Amma ya kan ɓoye ƙyallin ruwa ko na baƙin mai da ya zube a hanya, ya kan kuma duhunta fuskar salula. Mai sa shi ya san da haka.

Akwai kuma mai rikiɗa, wanda yake baƙi a rana, ya washe a inuwa. Ba nan take yake washewa ba, ya kan ɗauki mintoci. Kuma in zafi ya yi yawa, ba ya yin baƙi sosai.

Mai tabarau na awo ba ya ɗora baƙin tebur a madadinsa. In ya yi haka, ya rage haske amma ya rasa gani. Ana iya rina gilashin awo, har da mai hawa biyu, ya zama lamba 2 ko 3. Ana kuma samun babban baƙin tabarau da ake ɗorawa a kan na awo.

BAYAN MAGARIBA

Dokar ta biyu ita ce: rana ta faɗi, baƙin tabarau ya koma aljihu.

Wasu su kan bar shi saboda ƙwari. Wasu saboda fitilun manyan motoci. Wasu kuma don gayu. Duk kuskure ne. Lamba 3 tana tare haske fiye da kashi 80 cikin 100. Da rana akwai rarar haske, ba a jin asarar. Da dare babu rara. Amalanke ba ta da fitila. Raƙumi da jaki ba su da ita. Mai tafiya a ƙasa cikin baƙar riga ma haka.

Ga dattijo abin ya fi tsanani. Hasken da yake isa cikin idon mai shekara 60 bai wuce kashi ɗaya cikin uku na wanda yake isa idon mai shekara 20 ba. Kuma ido ya kan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai. Shi ya sa tsakanin magariba da lisha ya fi kowane lokaci wuyar gani.

Akwai tabarau ruwan ɗorawa da ake tallarsa wai na dare ne. Mutum ya kan ji kamar hanya ta ƙara haske. Amma babu gilashin da yake ƙara haske. Kowane launi ragewa yake yi. Na dare shi ne fari garau. In fitilar mota ta dallare ido, a kau da kallo zuwa gefen hanya na dama, a rage gudu.

Ke nan mai babur tabarau biyu yake bukata: baƙi na rana, fari na dare.

GWAJI BIYAR A BAKIN TEBUR

An ce araha ba ta ado. Amma tsada ma ba shaida ba ce. Ga abin da mai saye zai duba da kansa.

1. Layi. A riƙe baƙin tabarau nesa da fuska, a dubi wani miƙaƙƙen abu ta cikinsa, kamar bakin ƙofa ko sandar rumfa. A motsa shi sama da ƙasa a hankali. In layin yana lanƙwashewa, gilashin ba shi da kyau.

2. Abin da aka yi shi da shi. Kwalba ta kan fashe ta shiga ido in tsakuwa ta buge ta. Akwai wata roba mai ƙarfi da ake ce wa polikarbonat. Ba ta fashewa da sauƙi, ba ta da nauyi, kuma tana tare UV. Ita ce ta mai babur. Mai yin tabarau na awo ma ya tambaye ta.

3. Gefe. A sa tabarau, a dubi gaba, a miƙa hannu gefe ana motsa yatsu. In ƙafar tabarau mai faɗi ta ɓoye yatsun, za ta ɓoye yaron da ya fito daga lungu.

4. Zama. A sunkuya, a girgiza kai. In ya zamo kan hanci, zufa za ta ƙarasa shi. Ga mai hawa biyu wannan babban abu ne, domin in ya motsa, layin ma ya motsa.

5. Rufi. Wanda ya ɗan zagayo gefen fuska ya fi tare ƙura da iska.

TABARAU DA HULAR KWANO

Tabarau ido yake karewa, ba kai ba. Kai sai hular kwano, wadda ake ce wa kas. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hular kwano mai kyau, in an ɗaure ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa fiye da sau shida. Rawani ba ya wannan aiki.

Dole tabarau da hula su shirya. Saboda haka a je sayen tabarau da hular a hannu. A nemi mai ƙafafu sirara, miƙaƙƙu. A fara sa hula, sa'an nan a zura tabarau. In yana matse bayan kunne, kafin Gidigir kai zai ɗau ciwo.

Hular da take da farin gilashi a gaba ta rage wahala. Gilashin ya tare ƙura da ƙwari dare da rana, tabarau na awo yana ciki. Amma hula mai baƙin gilashi hukuncinta ɗaya da baƙin tabarau: ba ta dare ba ce. Kuma ba a haɗa baƙi biyu. Gilashin da ya kakkarce a sake shi, domin da dare yana tarwatsa hasken fitila.

KULA DA TABARAU

Rairayi shi ne babban abokin gaban tabarau. Wanda ya goge busasshen gilashi da bakin riga, kamar ya goge shi da dutsen niƙa ne. A fara zuba masa ruwa ƙura ta sauka. In da maiƙo, a sa ɗan sabulu. Sa'an nan a tsane shi da tsabtataccen ƙyalle mai laushi.

Ba a kife shi a kan gilashinsa. Ba a barin shi a kan tankin babur cikin rana, domin zafi yana lanƙwasa roba. Ba a jefa shi aljihu ɗaya da makulli da kuɗin ƙarfe. A sama masa gida, ko da ƴar jakar ƙyalle ce.

Ba a aron tabarau na awo. An yi shi ne domin idon mutum ɗaya. Kuma ido yana sauyawa. Bayan shekara biyu ya kamata a sake awo.

ABIN DA TABARAU BA YA MAGANI

Ba kowane rashin gani ne tabarau yake gyarawa ba. Yanar ido aiki ake yi mata a asibiti, mutum ya koma gani. Kada a yarda da masu soke ido a gida, domin sun makantar da mutane da yawa. Amodari, wanda ya daɗe yana damun jihar Damagaram, yana juya gashin ido ya riƙa sukar ƙwayar. Shi ma yana da magani da ƙaramin aiki, kuma shirin ƙasa na lafiyar ido, PNSO, yana yaƙi da shi. Hawan jinin ido kuwa daga gefe yake cin gani, ba zafi, ba sanarwa. Awo ne kawai yake tona shi. Mai ciwon suga ma ya riƙa kai idonsa awo.

A gaggauta zuwa likita in gani ya ɗauke farat ɗaya, ko ido ya yi ja da zafi mai tsanani, ko wani abu ya soke shi. In ƙura ko ƙwaro ya shiga, a tsaya a gefen hanya, a wanke da ruwa mai tsabta. Kada a murza. Kada a ɗiga maganin tebur.

A fara da likitar da ta fi kusa, ko asibitin Gure. Su za su nuna inda za a je. Babban asibitin Damagaram yana da sashen ido, tafiyar wajen kilomita 160 daga Gure. A Maraɗi akwai asibitin ido na Makka. Kowace shekara kuma, Alhamis ta biyu a watan Oktoba ita ce Ranar Gani ta Duniya. A riƙa sauraren rediyo domin jin ranar da masu awon ido za su zo kusa.

A RIƘE WAƊANNAN

Tabaran karatu na aji ne, ba na hanya ba.

Mai hawa biyu sai da awo. Taga ƙarama, layi a ƙasa, a saba da shi kafin a hau.

Da rana lamba 3 mai UV400. Lamba 4 ba ta tuƙi ba ce.

Da dare fari garau.

Kowane lokaci, hular kwano a ka.

Kuɗin awon ido da tabarau mai kyau ba su kai kuɗin ɗorin ƙafa ba, balle asarar rai. Mai babur ba shi kaɗai yake tafiya ba. Akwai wanda ya goya, akwai iyalin da suke jiran dawowarsa. Rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI DOMIN AJI

1. Tabarau mai lamba +2.00, santimita nawa ne iyakar ganinsa?

2. Babur mai gudun kilomita 60 a awa, mita nawa zai ci a sakan 3?

3. Wace lamba ce ta baƙin tabarau ba a tuƙi da ita?

4. Mutum nawa ne a ajin nan suke miƙa littafi nesa kafin su karanta? A rubuta sunayensu, malam ya kai wa ma'aikacin lafiya.

Wanda ya karanta, ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman ƴan kabu-kabu a tasha. Allah ya kiyaye hanya, ya bar kowa da ganinsa.